Saƙo na Sittin da Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana tace wasiƙu yana buga musu hatimi, shi ya sa ko bayan da ya yi ritaya babu mai kiran sa da sunansa na yanka sai matarsa, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Kowa Baba Hatimi yake cewa. Mutum ne da in ya ga ambulan an rubuta adireshi a karkace sai ya ji abin har cikin haƙoransa. Ya kan ce wasiƙa baƙuwa ce, in ba ka faɗa mata gidan da za ta ba, kwana za ta yi a titi.

Bayan ritaya ya shiga wata ƙungiyar sa kai ta masu ba da jini kyauta. Su saba'in ne da 'yan kai: teloli, malaman makaranta, ma'aikatan banki, direbobi, ɗalibai. Shi kansa ya ba da jini sau tara kafin hawan jini da shekaru su sa likita ya ce ya isa haka. Sai aka naɗa shi sakatare. Aikinsa shi ne ya san rukunin jinin kowa, in asibiti ya nemi taimako ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Da farko a zauren hira na waya suke magana. Zauren ya cika da gaisuwar safe, hotunan furanni, tallan takalma, da bidiyon maganin basir, har ta kai in an nemi jini sai an yi tono. Shugaban ƙungiyar, wani lauya mai son a ce masa Barista, ya rufe zauren, ya ce daga yau sai imel. Aka buɗe adireshi guda, wanda duk abin da aka aika masa zai faɗa akwatin kowa.

"Imel na masu hankali ne," in ji Barista. "Mutum ba zai zauna ya rubuta shirme a imel ba."

Lambobin waya kuwa an janye su daga hannun jama'a tun ranar da wani memba mai dillancin filaye ya tura jerin gaba ɗaya ga abokan sana'arsa, aka yi ta kiran matan ƙungiyar ana yi musu tallan fili, wasu ma ana tambayar su ko suna da aure. Taro ya yanke cewa lambobi su zauna a wurin sakatare shi kaɗai. Asibiti kuma aka ba shi lamba biyu, ta Baba Hatimi da ta Barista.

Rikicin ya taso ne daga riga. Ƙungiyar za ta cika shekara shida, sai wani tela ya kawo shawarar a ɗinka riguna iri ɗaya, ja, launin jini. Ya aika saƙon ranar Litinin da take "Launin riga". Wata malamar makaranta ta amsa wa kowa cewa ja zai tsorata marasa lafiya, a yi fari. Wani ya ce fari ba ya jure datti. Zuwa Laraba saƙonni sun kai talatin, rabinsu "Na gani" ne da "Madalla" da "Ina goyon baya", ba tare da an faɗi abin da ake goya wa baya ba.

Sai Dogo ya sa baki. Dogo bakanike ne, garejinsa na bayan asibitin, mutum mai ƙarancin magana wanda ya fi kowa yawan ba da jini a ƙungiyar. Ya rubuta layi ɗaya, duk da manyan baƙaƙe: KOWANE LAUNI YA YI MU DAI MU BA DA JINI.

Wani mai kyamis, wanda ba a taɓa gama magana bai ɗora tasa ba, ya amsa nan take. "Malam, me ya sa kake mana ihu? Nan ba gareji ba ne. In ba ka iya rubutu ba ka ba wani ya rubuta maka."

Wasu suka tsaya wa Dogo, wasu suka ce ai mai kyamis gaskiya ya faɗa. Wata ta kira Barista da "Malam" a cikin amsarta, ya mayar mata da shafi guda a kan ladabi. Mutum shida suka rubuta "Don Allah a daina amsa wa kowa", kuma duk su shidan kowa suka amsa wa. Ranar Alhamis Dogo ya aiko: A CIRE NI. Baba Hatimi ya kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Ya ce a ransa bari zuciya ta huce tukuna, mako mai zuwa ya je garejin da kansa. Ya cire sunan da hannunsa.

A wannan makon ne aka yi wa matarsa aikin ido, aka cire mata yana. Aka sallamo ta ranar Juma'a da bandeji a ido ɗaya, da umarnin ta kwanta, kada ta sunkuya, a ɗiga mata magani duk bayan awa huɗu. Yaransu duk sun yi nisa, shi ne mai jinya. Ranar Asabar da hantsi tana kwance a falo ya rufe labule, wayarsa na kan tebur tana ta ƙara kamar an taka ɗan tsako.

"Malam," ta ce, "wannan abar taka ba za ta bar ni in runtsa ba? Ido ɗaya ya rage mini, shi ma ba za a bar shi ya huta ba?"

"Rigar nan ce har yanzu."

"To ku tafi tsirara mana, a huta."

Ya yi dariya, ya kashe ƙarar wayar, ya jefa ta cikin aljihun tebur ya tura. Ranar ya yi ta ne a kanta. Ya dafa abinci ya ƙone gefe, ta ci tana yi masa tsiya. Ya ɗiga magani, ya wanke kwanuka, ya kama hannunta ya kai ta bayi ya dawo da ita. Da la'asar ya zauna kusa da ita yana karanta mata jarida har barci ya ɗauke su duka biyu. An daɗe bai ji daɗin yini irin wannan ba. Wayar ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba.

Sai da safiyar Lahadi, bayan ya ɗiga mata maganin farko, ya jawo aljihun. Kira bakwai aka yi masa, duk daga Sista, ma'aikaciyar jinya ta ɗakin haihuwa wadda ita ce ke neman su in bukata ta taso. Na farko ƙarfe ɗaya da kwata na rana, na ƙarshe uku saura. Ya kira ta, wayar a kashe. Ya buɗe imel. Babu sabon take ko ɗaya, "Launin riga" ne kawai, ya kai saƙo tamanin da uku. Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba bin buhun wasiƙu. A na sittin da huɗu ya sami saƙon Sista.

"Salamu alaikum. Don Allah ana bukatar jini O negetib leda biyu da gaggawa, ɗakin haihuwa. Mace ce ta haihu jini ya ɓalle. Na kira Baba da Barista ban same su ba. Don Allah duk wanda ya gani."

Ba ta buɗe sabon saƙo ba. Ta shiga akwatinta a gurguje, ta danna amsa a kan abin da ta tarar a sama. Saƙon da ke ƙarƙashin nata, minti huɗu tsakani, cewa yake: "Ni dai shuɗi na zaɓa." Sauran goma sha takwas ɗin ma duk riga ce.

Bai bukaci duba komai ba, ya san su da ka. Mutum uku ne masu wannan jinin a ƙungiyar. Wata ɗaliba da ta tafi hutu garinsu. Wata ma'aikaciyar banki da ta gaya masa tun Laraba cewa ta toshe zancen rigar don ya hana ta aiki. Sai Dogo.

Ya roƙi maƙwabciyarsu ta zauna da matarsa, ya fita ko hula bai saka daidai ba.

Ya tarar da Sista a barandar ɗakin haihuwa tana tura keken magunguna. Da ta gan shi ta tsaya, ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yata, yanzu na gani. Wallahi yanzu na gani."

"Ta rasu, Baba. Jiya kafin biyar."

Ya dafa bango.

"Mun sami leda ɗaya daga wani asibiti, ba ta isa ba. Jaririyar tana nan lafiya." Ta gyara wata kwalba da ba ta karkace ba. "Barista ya kira ni da yamma, wai yana wurin ɗaurin aure. Ke nan cikin mutum saba'in babu wanda ya buɗe?"

"A ƙarƙashin zancen riga ya shiga."

"Na sani. Hannuna duk jini, da gwiwar yatsa na danna. Ban tsaya neman take ba."

"Ba laifinki ba ne."

"Ban ce laifina ba ne," ta ce, ta tura kekenta.

A bakin ofishin da ake karɓar takardun gawa wani mutum yana zaune a benci, bai wuce shekara talatin da biyar ba, sanye da rigar masu gadi, da jakar leda a kan cinyarsa. Ta saman jakar ana hango silifas na mata da filas ɗin shayi. Baba Hatimi ya so ya wuce, ƙafarsa ta ƙi. Ya zauna a gefen bencin ya yi masa gaisuwa. Mutumin ya amsa, ya dube shi.

"Baba, ko kai ne na ƙungiyar masu jini? Na ga kana magana da Sista."

"Ni ne."

"Allah ya saka muku da alheri. Ta ce an neme ku ba a dace ba. Kwana ne ya ƙare. Amma ko niyyar da kuke yi ma abin godiya ce." Ya kama hannun Baba Hatimi da hannu biyu ya girgiza. "Har kai da kanka ka taso. Na gode, Baba."

Da zagin sa ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi.

Daga ƙofar baya ta asibitin zuwa garejin Dogo ya ƙirga, ba da niyya ba, tafiyar minti bakwai ce, shi da yake tsoho. Ya tarar da ƙafafun Dogo sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Ya tsuguna ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ƙafafun suka daina motsi. An jima kafin Dogo ya turo kansa waje ya zauna a ƙasa, sifana a hannu.

"Jiya da rana?"

"Ƙarfe ɗaya zuwa uku."

"Ina nan zaune a kan waccan tayar. Babu aiki. Rediyo nake ji." Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa. "Baba, ka san me ya sa nake rubutu da manyan baƙaƙe? Ƙananan ba na ganin su. Gilashina ya fashe tun bara. Cikin mutanen nan babu wanda ya tambaye ni."

"Ni ma ban tambaya ba."

"Kai ka kira dai."

"Ka dawo, Dogo."

Ya girgiza kai. "Jinina yana nan. In ana so ka kira ni, ko ka aiko a ɗauko ni. Amma kada ka mayar da ni cikin kasuwar nan. Na girmi a ce mini nan ba gareji ba ne a gaban mutum saba'in."

Kwana biyu Baba Hatimi ya yi yana rubutu a teburin falo, da biro tukuna, yana sokewa yana sakewa, tsakanin ɗigon magani da ɗigon magani. Da ya gama ya karanta wa matarsa. Abubuwa ne da a ganinsa ko ɗan koyo a gidan waya ya sani. Kowace sabuwar magana a buɗe mata sabon saƙo, da take mai faɗin abin da ke ciki. Kalmar "gaggawa" a bar wa neman jini kaɗai, a sa ta a farkon take tare da rukunin jinin. In amsarka mutum ɗaya ta shafa, shi kaɗai za ka aika wa. "Na gani" da "Na gode" ba sai mutum saba'in sun gani ba. Kada a tura saƙon wani ga wasu sai da izininsa. In rubutun ɗan'uwanka ya ɓata maka rai, ka kira shi ku yi magana, wataƙila abin da ka ji ba shi ya nufa ba. In kuma ka rubuta cikin fushi, ka bar saƙon ya kwana kafin ka aika. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya dai ce ranar Asabar an nemi jini saƙon ya nutse, an rasa rai.

"Ya yi kyau," in ji matarsa. "Amma Malam, wanda zai karanta wannan ai ba shi ne mai bukatarsa ba."

"Sai in yi shiru?"

"Ban ce ba. Zo ka ɗiga mini, lokaci ya yi."

Kafin ya aika wa jama'a, ya rubuta wa Barista shi kaɗai gajeren saƙo. Ya ce a matsayinsa na shugaba ya kamata ya san gaskiya: ranar Asabar wayarsa na cikin aljihun tebur, ya kashe mata ƙara saboda jinyar iyalinsa, kuma wannan abu ba zai bar zuciyarsa ba har ya mutu. Sannan ya aika ƙa'idojin ga kowa ranar Talata da safe, da take: "Yadda za mu riƙa aika saƙo. Don Allah a karanta, ba sai an amsa ba."

Cikin rabin awa mutum goma sha ɗaya suka amsa wa kowa da "Mun gode Baba". Wani ya ce Allah ya jiƙan marigayiyar, mutum ashirin suka ce amin, ɗaya bayan ɗaya. Mai kyamis ya rubuta cewa yana so a fito fili a faɗa masa ko da shi ake a sakin layi na shida, domin shi ba ya son habaici. Tela ya tambaya, da yake yanzu an ce kowace magana da takenta, shin zancen riga a nan za a ci gaba ko a can.

Da azahar saƙon Barista ya shigo, mai tsawo, da lambobi a gefe. Ya ce na farko, sakatare ba shi da hurumin kafa doka sai da amincewar kwamiti. Na biyu, cewa "an rasa rai" a rubuce na iya jawo wa ƙungiya ƙara a kotu, don haka yana so a sani ƙungiya ba ta da alhaki: ma'aikaciyar jinya ce, ya faɗi sunanta cikakke, ta aika bukatar ta hanyar da ba ta dace ba. Ya sa shugaban asibitin a cikin waɗanda aka aika wa kwafi, wai don a gyara gaba.

Baba Hatimi ya karanta har ƙasa, sai ya ga akwai sauran rubutu a ƙarƙashin sa hannun Barista. Nasa ne. Barista a kan saƙon sirrin nan ya danna amsa, ya ƙara adireshin ƙungiya a sama, bai share abin da ke ƙasa ba. Aljihun tebur, jinyar iyali, har ya mutu, duk ga su nan a gaban mutum saba'in da shugaban asibiti.

Ya kira shi.

"Barista, ka ga abin da ka tura?"

"Wane abu, Baba Sakatare?" Ana jin yana danne-danne. "Au. Kash. Wallahi kuskure ne. Amma ai ba ƙarya ba ce a ciki, ko? Kada ka damu, mutane ba sa karantawa har ƙasa."

Wannan karon sun karanta. Mai kyamis ne ya fara: ashe mai koya mana ladabin saƙo shi ne ya kulle waya a aljihun tebur. Wata ta ce a ji tsoron Allah, tsoho ne kuma matarsa ba lafiya. Wani ya ce to in tsufa ya zo ai sai a ba yara wuri. Aka rabu biyu, aka yi kwana uku ana yi, duk a ƙarƙashin taken da ke roƙon kada a amsa. "A cire ni" suka riƙa shigowa, yana cirewa. Malamar makarantar nan ta rubuto masa shi kaɗai, ta ce ita ba don shi za ta fita ba, hawan jininta ne ba zai ɗauka ba.

Ranar Juma'a Sista ta kira shi. Muryarta a daidai take, wannan ya fi tayar masa da hankali.

"Baba, an ba ni takardar tuhuma. Wai na fitar da bayanin mara lafiya ga mutanen waje ba da izini ba. An mayar da ni sashen marasa lafiya na waje daga Litinin."

"Zan zo in yi musu bayani. Zan rubuta..."

"Don Allah kada ka rubuta komai. Kowa ya daina rubutu a kaina." Ta ja numfashi. "Shekara goma sha biyu ina ɗakin haihuwa. An kuma ce daga yau duk neman jini sai ta ofis, da sa hannun mutum biyu. Ka gaishe da Inna, ya idon nata?"

"Da sauƙi."

"To madalla," ta ce, ta kashe.

An kira taron gaggawa ranar Asabar ta gaba, a ajin wata makarantar firamare da suke aro. Mutum tara suka zo. Suka zauna a kan bencinan yara, gwiwoyinsu na taɓa teburi, a bango ga hoton sassan jikin kifi. Barista ya ba da haƙuri a kan abin da ya kira 'yar tangarɗa, ya ce a kafa kwamitin mutum biyar ya duba shawarwarin sakatare ya kawo rahoto. Aka rasa mutum biyar masu yarda, aka yi uku. Baba Hatimi ya ɗaga hannu ya ce a ba asibiti lambobin masu jinin da ke wuyar samu, ko su kaɗai. Aka ce wannan ya saɓa wa shawarar da taro ya yanke a baya, sai an sami rinjaye, kuma mutum tara ba su kai a yanke hukunci ba. Kwamitin bai taɓa zama ba. Bikin cika shekara shida ma ba a yi shi ba.

Bayan wata biyu sunaye talatin da ɗaya suka rage, akwatin kuma ya yi tsit. Babu faɗa, babu godiya, babu komai. Matarsa ta warke, har tana zura zare a allura tana yi masa gori. Shi kuwa ya koma yawo da waya a hannu, ko alwala zai yi sai ya ajiye ta inda zai gan ta.

Wata Laraba da ƙarfe tara na safe mai ɗakin gwajin jini na asibitin ya kira shi a ɓoye, ba ta ofis ba. Wani magini ne ya faɗo daga bene, za a shiga da shi tiyata, ana neman B fozitib leda uku. Jini ne da ba shi da wuya, mutum takwas ke da shi a cikin waɗanda suka rage. Baba Hatimi ya zauna ya buɗe sabon saƙo. Ya rubuta take: "GAGGAWA: jini B fozitib, leda uku, yau kafin ƙarfe huɗu." A ciki layi uku: inda za a je, wanda za a nema, da cewa ba sai an amsa ba, a zo kawai. Ya karanta sau biyu, babu abin gyarawa. Ya aika.

Sannan ya bi su takwas ɗin da kira. Uku ba su ɗauka ba. Ɗaya ya ce yana tafiya. Ɗaya ya ce, "Baba, ni fa na ɗauka ƙungiyar ta watse." Wani ya ce zai duba in ya tashi daga aiki. Wata ta ce mijinta ya hana ta tun rikicin nan. Ta takwas, wata mai sayar da kayan miya a bakin kasuwa, wadda ba ta taɓa rubuta ko kalma ɗaya a imel ba don 'yarta ce ke karanta mata, ta ce ga ta nan zuwa.

Ya riga ta isa. Ta zo da ƙarfe sha ɗaya, ta bar rumfarta a hannun maƙwabciya. Mai gwaji ya soki yatsarta, ya duba, ya girgiza kai.

"Hajiya, ke ma kanki jinin bai ishe ki ba. In na ɗiba sai mun kwantar da ke."

"Ko rabin leda?"

"Ko cokali."

Baba Hatimi ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa ta tagar. "Nawa O ne, zai yi masa. Ɗebi ɗaya."

"Baba, shekarunka nawa? Maganin hawan jini nawa kake sha?"

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Sauke rigarka, don Allah."

Suka koma benci suka zauna su biyu, suna fuskantar ƙofar shiga. Duk wanda ya shigo sai Baba Hatimi ya ɗan ɗaga, ya ga ba nasu ba ne, ya koma. Masu kawo abinci suka shige, masu ziyara suka shige, aka wuce da wata tsohuwa a keken guragu. Ƙanin maginin, da siminti har a gashin girarsa, ya zo tagar sau uku yana tambaya, daga baya ya fita neman 'yan'uwa a waya. Dogo, wanda jininsa ke yi wa kowa, ya zo da aka kira shi, amma da yake ya ba da jini makonni uku da suka wuce, aka ce lokacinsa bai yi ba, ya tsaya jim ya koma gareji.

Wajen ƙarfe uku mai kayan miya ta gyara mayafinta.

"Baba, akwai dai masu zuwa ko?"

"Na aika wa kowa."

"Sun amsa?"

Ya duba wayar. Babu ko ɗaya. "Na ce musu ba sai sun amsa ba."

"To," ta ce. "Wataƙila suna hanya."

Ta ƙara rabin awa, sannan ta ba shi haƙuri, ta ce tumatir ɗinta na rana. Ya yi mata godiya, ya raka ta bakin ƙofa ya dawo wurinsa. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna mai gwaji ya leƙo ta taga ya ce an shiga da mutumin da leda ɗaya da ƙaninsa ya bayar, sauran sai abin da Allah ya yi. Ya ce in Baba yana so ya kira shi gobe ya ji yadda aka kwana. Sannan ya jawo murfin tagar ya rufe.

Baba Hatimi ya ɗan ƙara zama, har mai shara ta iso da tsintsiyarta ta ce ya ɗaga ƙafa. Ya ɗaga. Da ta wuce ya tashi ya kama hanyar gida a ƙasa. Washegari bai kira ba.